Tayar rimok: a karanta gefenta kafin a ɗaura kaya



Damina ta yi nisa, duk mai abin yi a arewa ya fara shiri. Wasu Ingal za su don bikin Kur Sale na watan Satumba. Wasu za su duba dabbobinsu da suka haura wajen Abalak ko arewacin Dakoro da Tanut. Wasu kuma aiki ne zai kai su, kamar masu gina rijiya da masu allurar bisashe. Abin da ya haɗa mu duka shi ne kwanan daji. Inda za mu babu masauki, babu kanti, wani wurin ma ko rezo babu. Ruwa da abinci da tanti da shimfiɗa da gazuwal, komi sai ka tafi da abinka. Shi ya sa da yawanmu muke jan ƴar tirela a bayan mota, wadda nan muke ce ma rimok.

A Turai da Amurka irin wannan abu ɗaki ne guda a kan taya, da gado da madafa a ciki, iyali su ja shi su tafi hutu. Tamu ba ta kai nan ba. Akwatin ƙarfe ce da mai walda ya haɗa, galibi a kan ƙafafun bayan wata tsohuwar mota, aka yi mata murfi ko aka lulluɓe ta da tamfol. Amma tasu da tamu abu guda ke ɗauke da su, tayoyi biyu. Kuma su ne aka fi renawa. Za ka ga mutum ya sa ma motarsa sababbin tayoyi huɗu, waɗanda ya cire kuma ya ce a maida ma rimok, wai ai ita ba inji gare ta ba, bi kawai take. To mu da muka daɗe muna wannan tafiya, ga abin da muke so mu faɗa yau: tayar rimok ba a zaɓenta da kyan zane. Shekarunta ake dubawa, da nauyin da aka yi ta don ta ɗauka, da iskar da take so. Duka ukun kuwa a rubuce suke a gefenta, sai dai ba kowa ke tsayawa ya karanta ba.

Mu fara da dalilin da ya sa ta bambanta da tayar mota. Tayar mota kullum tana aiki, zanenta na cinyewa, ido na gani, har ranar da mai ita zai ce ta ƙare. Rimok kuwa sau nawa take fita a shekara? Biyu, uku, in ta yi yawa biyar. Sauran watannin tana jingine bayan gida ko cikin garaji marar rufi, rana na dukanta, iska na sulalewa a hankali, nauyinta na danne wuri guda. Roba tana bushewa, tana tsagewa ƙanana ƙanana, amma zane yana nan daram kamar jiya aka saye ta. Kallon kitse ake ma rogo. Ranar tafiya sai a ɗora mata kayan da suka fi na kowace rana, a hau gudron da rana tsaka, a yi awa biyar ba tsayawa.

Abu na biyu, direba ba ya jin ta. In tayar mota ta fara sacewa, sitiyari zai faɗa maka, mota za ta riƙa ja gefe guda. Ta rimok tana can baya, tsakaninku da ita sai ƙarfen jan. Tana iya sacewa, ta yi zafi, ta tarwatse, kai kana gaba kana hira, sai wanda ke bayanka ya yi ta maka fitila, ko ka ga hayaƙi a madubi. Kafin nan janti ya ci gudron. In kuma da gudu ake, rimok mai ƙafa ɗaya takan fara lilo, ta ja bayan mota hagu da dama, kuma nan ne abin ke wuce maganar taya ya koma maganar rai.

To ina ake ganin shekarun taya? Ku duba gefenta, kusa da janti, za ku ga haruffa uku, DOT, sai wasu haruffa da lambobi na biye. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, galibi cikin wani ɗan zobe mai kamar ƙwai. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. In kun ga 0522, sati na 5 ne na 2022. Sau da yawa gefe guda kawai ake buga cikakkiyar lambar, saboda haka in ba ku gani ba a juya ta. In kuwa lambobin uku ne kacal, to an yi ta kafin shekarar 2000, wannan sai dai a yi guga ko takalmi da ita.

Shekara nawa ne iyaka? Manyan kamfanonin taya irin su Michelin suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ga masani yana dubawa kowace shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ƙungiyoyin masu jan irin waɗannan tireloli a Ingila sun fi haka tsanani: a canza a shekara biyar, kada a wuce bakwai. Ku tuna fa wannan a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi ne. Mu nan da a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, gudron kuma ya fi haka nesa, mi za mu ce? Mu dai ƙa'idarmu ita ce shekara biyar daga ranar da aka yi ta, ba daga ranar da muka saye ta ba. Domin akwai taya "sabuwa" da ta yi shekara uku a sito kafin ta zo hannunka. Ba a taɓa hawa kanta ba, gaskiya ne, amma ta ci fiye da rabin kwananta a kwance.

Sai maganar nauyi, kuma nan muke so mu ɗan daɗe, don nan ne lissafi ke ɓace ma mutane. Bayan lambobin girman taya akwai wata lamba da harafi guda. Misali 175/70 R13 82T. Wannan 82 ɗin ba kilo ba ne, alama ce ta nauyin da taya guda za ta iya ɗauka, kuma 82 na nufin kilo 475. Ga kaɗan da ya kamata a riƙe: 82 kilo 475 ne, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 100 kilo 800, 102 kilo 850, 106 kilo 950, 112 kilo 1120. Wanda ba zai iya riƙewa ba, a yawancin tayoyi akwai wani ƙaramin rubutu da ke cewa MAX LOAD, da nauyin a kilo ƙarara. A sa yaro mai kaifin ido ya karanta.

Yanzu mu auna kayan tafiya irin wadda muka saba, ta mutum bakwai ko takwas, kwana goma. Rimok kanta, ba komi ciki, a ce kilo 350. Tano guda na ruwa, lita 200, kilo 200 ke nan, tunda litar ruwa kilo guda ce. Bido takwas masu lita 25, wani kilo 200. Gazuwal bido huɗu, wajen kilo 85. Shinkafa buhu biyu, 100. Gero buhu guda, 100. Injin wuta, a ce 80. Tanti da ƙarafansa, 120. Batir da farantin sola, 60. Katifu da tabarmi da tukwane da gawayi da tarkace, 100. In kun haɗa, kusan kilo 1400 ne. Ƙarfen jan da ke maƙale a mota zai ɗauki wajen 100, saura 1300 a kan tayoyi biyu, kowace 650.

To ga tayar ƙaramar mota mai lamba 82, wadda iyakarta 475. Biyu sun ba da 950. An ɗora masu kilo 350 fiye da ƙarfinsu tun ba a bar ƙofar gida ba, tun ba a faɗa rami ko guda ba. Har ma a Amurka ƙa'idarsu ita ce in za a sa tayar ƙaramar mota a tirela, sai an rage wajen kashi 10 cikin 100 daga abin da aka rubuta a jikinta, don ba don wannan aiki aka yi ta ba. Ashe ke nan ko 475 ɗin ma ba ta kai ba.

Abin da muke nema shi ne taya mai harafin C bayan girman janti, ko mai LT. Su ne na motocin ɗaukar kaya, gefensu ya fi kauri, sun fi jure iska mai yawa. 185 R14 C mai lamba 102/100 tana ɗaukar kilo 850, biyu 1700. 195 R15 C mai 106/104, wadda duk mai tsohuwar Hilux ya sani, tana ɗaukar 950, biyu 1900. In kun ga lambobi biyu haka, ta farko ita ce taku, ta biyun ta motar da ake jera ma taya biyu biyu ce a gefe guda. Akwai kuma masu ST a gaba, da ake yi a Amurka musamman don tirela, wani lokaci sukan faɗo cikin kaya. Suna da kyau a rimok, amma kada a sa su a mota, kuma tsofaffin irinsu ba a yi su don wuce kilomita 105 a awa ba.

Kada a sayi wadda ƙarfinta ya yi daidai cif da kaya. A bar rara, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne. Kaya ba su taɓa zama daidai a gefe biyu, tano na iya zamewa, hanya na karkata, kuma duk ramin da aka faɗa, na ɗan lokacin nauyin ninkuwa yake. Ban da haka, wa ya taɓa dawowa daga arewa da rimok yadda ya tafi? Ga cuku, ga gishiri, ga ragon da aka ba ka kyauta ba ka iya cewa a'a. A kuma tuna cewa taya mai ƙarfi ba ta ƙara ma ƙarfen ƙafafu da sifirin ƙarfi. In na ƙaramar mota ne, ƙarfinsu na ƙaramar mota ne. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta dole ne ta kasance da birkin kanta. Yawancin namu ba su da shi, wanda ke nufin birkin mota ne ke tsaida duka biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a rage ƙafa.

Harafin da ke bin lambar nauyi shi ne iyakar gudu: L kilomita 120 a awa, N 140, R 170, T 190. Ba wai a yi wannan gudun ba ne. Mu da rimok a baya ba mu wuce 80 a gudron mai kyau, a jar ƙasa mai gargada kuma ƙasa da haka sosai. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Girman janti ma yana da magana. Ƙaramar taya ta janti 13 tana juyawa wajen sau 550 a kowane kilomita, ta janti 15 irin ta Hilux wajen sau 460. Kowane juyi, gefen taya na lanƙwasawa ya miƙe, kuma wannan lanƙwasawar ce ke haifar da zafi. A kan tafiyar Tawa zuwa Agadas, kusan kilomita 400, bambancin ya kai juyi dubbai masu yawa. Babbar taya kuma ta fi haye rami, ta fi yawo a kan rairayi ba ta nutse ba.

Wannan ya kawo mu ga iska. Mutane da yawa sun ɗauka iska mai yawa ce ke fasa taya a lokacin zafi, sai su rage. Gaskiyar ita ce ƙarancin iska ya fi kashe taya. In iska ta yi kaɗan, gefe na lanƙwasawa fiye da kima, zafi na taruwa a ciki, har roba ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita, sai ka ji fam. Kuma nauyin nan da aka rubuta a jikin taya, ba ta ɗaukarsa sai da cikakkiyar iskarta. Tayoyin C da muka ambata sai da kilo 4,5 suke ba da cikakken ƙarfinsu, wato 65 a ma'aunin masu faci na Najeriya. In ka ba ta kilo 2,5 irin na ƙaramar mota, ka sayi ƙarfin da ba ka amfani da shi. Sai dai a tabbata janti da bakin iskar ma za su iya ɗaukar wannan, don tsohon janti mai tsatsa ba abin yarda ba ne. A sa sabon bakin iska duk lokacin da aka sa sabuwar taya, kuɗinsa bai kai na shayin safe ba.

Da safe ake auna iska, kafin a tashi, taya na sanyi. In an yi tafiya ta yi zafi, ma'auni zai nuna ta ƙaru. Haka aka yi ta, kada a sace. Wanda ya rage a Ƙonni da rana tsaka, zai wayi gari a Abalak da taya marar iska. Bugun taya da ƙafa ko da sanda kuma ba awo ba ne, musamman mai kaurin gefe, wadda za ta iya rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta ido bai gane ba. A sayi ɗan ma'aunin iska na aljihu a ajiye cikin mota. In an shiga rairayi mai laushi ana rage iska, a mota da rimok duka, a tafi a hankali. Amma da an fito kan tsandauri ko gudron a maida. Don haka ƴar famfon iska da ke aiki da batir ɗin mota tana cikin kayan da ba mu bari a gida.

Mun san abin da wasu za su ce: duk wannan magana ce ta mai kuɗi, mu okaziyo muke saye. Ba mu ce kowa sai ya sayi sabuwa ba, mun san halin da ake ciki. Amma okaziyo ma suna suka tara. In za ku saya, ga abin da muke yi. Mu fara da lambar shekara, in ta wuce biyar mu ajiye ta komi kyanta, in an goge lambar ko an kankare ta mu ajiye. Mu sa a wanke ta da ruwa, don baƙin man da ake shafa mata yana ɓoye tsaga. Mu danna gefen da hannu mu ga ko ƙananan tsagogi za su buɗe baki. Mu leƙa ciki da fitila, mu shafa da tafin hannu: faci a tsakiyar zane ana iya haƙuri da guda, faci a gefe kuwa a'a, don gefen taya ba ya gyaruwa. In akwai baƙin gari kamar na gawayi a ciki, ko wani zobe da ya goge, an taɓa tafiya da ita ba iska, ta riga ta mutu. Mu duba leɓen da ke kama janti, kada ya zama ya lanƙwashe ko ya yage, don wasu tayoyin cusa su ake cikin juna uku ko huɗu a kwantena don a rage kuɗin dako, kuma wannan na lalata su tun kafin su iso. In an hura ta, mu juya mu ga ko akwai ƙulu a gefe.

Akwai abu biyu kuma da ke ruɗin mai saye. Na farko, tayar sanyi. In kun ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ga zane mai ƙananan yanka da yawa, galibi don ƙasashen dusar ƙanƙara aka yi ta. Zanenta na da zurfi, tana da kyau a ido, amma robarta laushi gare ta, a zafinmu saurin cinyewa take. Na biyu, taya mai sassaƙa, wadda zanenta ya ƙare aka sa wuƙa mai zafi aka sake fitar da shi. Wasu tayoyin manyan kamiyo an yi su don haka, an rubuta a jikinsu. Ƙananan ba su da wannan kaurin, sassaƙar na kaiwa dab da waya. A cikin ramin zane na asali akwai ƴan tudu ƙanana da ke nuna iyakar cinyewa, milimita 1,6. In babu su ko guda, ga gefen ramin da kaifi kamar yankan reza, ku san an taɓa ta.

Mai sayar da taya na ƙwarai ba ya jin haushin wannan bincike. Mu ma akwai waɗanda muke zuwa wurinsu shekara da shekaru, da sun gan mu su ke juyo mana gefen lambar da kansu. Wanda ya ce "Alhaji, bar wannan karatun, dubi zane kawai", ku gode masa ku ƙara gaba.

Tayoyin biyu su zama iri guda, girma guda, lamba guda. Kada a haɗa mai waya, wato mai harafin R, da ta nailan a rimok guda, don ba lanƙwasawa guda suke ba, kuma hakan na jawo lilo. In da hali, abin da ya fi duka shi ne a sa mai walda ya yi ma rimok ƙafafu masu ramukan noti daidai da na motar da ke janta, taya ma iri guda. Hilux mai ƙafa huɗu noti shida gare ta. In rimok ma shida ce, to sukur ɗin mota na rimok ne, na rimok na mota ne, kuma duk garin da ka shiga za ka samu irinta.

Abin da ya sa muke nanata wannan, wata shekara bayan mun wuce Abalak mun iske wasu bayin Allah a gefen hanya, wajen la'asar. Iyali ne guda, da tsohuwa da yara. Tayar rimok ɗinsu ta dama ta tarwatse, ba su ankara ba sai da janti ya lanƙwashe. Suna da sukur lafiyayye, amma na mota ne, noti shida, rimok kuwa huɗu gare ta. Mu ma namu shida ne, ba mu da abin ba su. Maigidan ya ɗauko ragowar tayar yana nuna mana yana cewa, "Ku duba fa, zanenta ko taɓuwa bai yi ba." Gaskiya ya faɗa. Da aka goge ƙurar gefen aka karanta, shekararta goma sha ɗaya, kuma ta ƙaramar mota ce. Duk ruwansu na cikin rimok. Aka kwashe abin da mota za ta iya ɗauka, muka ɗaukar masu wani, aka bar samari biyu suna gadin saura, shi kuma ya juya baya neman janti da taya. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Amma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da uba zai so ya bar ɗansa ya kwana ba ne.

Saboda haka rimok ta samu sukur nata, mai iska, wanda shekarunsa ba su wuce na sauran ba. A gwada jak a gida a ga yana shiga ƙarƙashinta in tana da kaya, a gwada sifana a ga tana kama notinta, a ɗauki guntun katako mai faɗi da za a aza jak a kai cikin rairayi. Mai taya marar tub ya riƙe kayan facin da ake cusawa daga waje, mai tub ya riƙe tub biyu. Wanda ya taɓa ajiye mota ƙarƙashin aduwa ya san abin da ƙayarta ke yi.

Wajen lodi, masu nauyi su zauna ƙasa, a kan ƙafafu ko ɗan gaba kaɗan, a raba daidai hagu da dama, a ɗaure tano kada ya motsa. In nauyi ya koma baya, gaban rimok na ɗagawa, kuma lilo daga nan yake farawa. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a sake ɗaure noti. Daga nan duk tsayawar salla ko shan ruwa, mutum guda ya zagaya ya aza bayan hannunsa a kan kowace taya da tsakiyar janti. Ɗumi ba komi. In guda ta fi ƴar uwarta zafi sosai, akwai magana, ko iska ce ta ragu, ko kaya sun karkata, ko boris ne ya bushe. Minti biyu ne, a ba wani yaro wannan aiki ya zama nasa. Kuma in da yadda za a yi, a yi sammako, a huta tsakanin azahar da la'asar, a bar gudron ya huce.

In an dawo gida lafiya, kada a jingine ta a manta. A sauke kaya duka, a sa ta inuwa, in babu inuwa a rufe tayoyin da buhu ko kwali. A ɗaga ta a kan bulo don tayoyin su huta, in ba haka ba a riƙa ɗan gusa ta duk wata. Kada a bar ta inda baƙin mai ko gazuwal ke zuba, suna cin roba. Wanda ya yi haka, tayarsa za ta kai shekarunta biyar da lafiyarta.

Maganar kuɗi kuma, tunda tafiyar ta taro ce, mu abin da muke yi shi ne mu sa taya cikin lissafi tun farko, kamar gazuwal da shinkafa. In mutum takwas suka yi karo-karo, bambancin da ke tsakanin tayar da ta dace da wadda aka tsinta ƴan jikkuna ne a kan kowa. In kuma duk da haka bai yiwu ba, to a rage kaya su dawo daidai ƙarfin tayar da ake da ita, ko a raba ma wata mota. Ba a fafe gora ranar tafiya: yau, tun da sauran kwanaki, a ɗauki tsumma da ruwa a je bayan gida a goge gefen tayoyin nan, a karanta shekara, a karanta nauyi, a auna iska. Wanda ya ga lambar da bai gane ba ya ɗauki hotonta ya nuna ma mai faci ko direban da ya daɗe a hanya.

Masu tafiya Ingal da masu zuwa wajen dabbobi da masu fita aiki, Allah ya kai ku lafiya ya maido ku lafiya. A gaida mutanen arewa.